Ranar da Gwaggo ta miƙa hannunta

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da ranar da aka kusa zuƙe wa ɗana ɗan jinin da ya rage masa ba.

Mijina ɗan gwaggona ne, direban babbar mota mai tsallaka gada zuwa Malanbil, ni kuma ina sayar da bandar kifi a kasuwar Gaya. Ɗanmu na fari bai yi shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Gwaggo, wato surukata, ta yanke hukunci: mugun jini ne daga dangin uwata, kuma ƙaho ne maganinsa. Na dawo daga kasuwa ke nan na tarar da wanzami a tsakar gida yana wasa aska. Ni da ban taɓa ɗaga mata ido ba, na fizge yarona na fita ko takalmi babu. Ta biyo ni har asibiti tana faɗa.

Da aka auna jininsa, lokotoro, wato likita, ya ji zancen ƙaho ya dafe kai. "Jinin da ke jikinsa ma bai ishe shi ba, Hajiya. Da an zuƙa, da wuya ya kai nan." Sikila ce.

Gwaggo ta ce, "To ai na faɗa, daga wajen uwarta ne!"

Ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya ce jiki ƙwayoyi ne ƙanana, a tsakiyar ƙwaya akwai cibiya, a ciki kuma akwai wani zare mai suna ADN. Shi ke gaya wa ƙwaya irin furotin da za ta ƙera, kamar yadda uwar gida ke faɗin abin da za a dafa. A ɓargon yaron, umarnin ƙera furotin ɗin jan jini ya kauce a wuri ɗaya tak, shi ya sa ƙwayoyin ke lanƙwashewa kamar lauje suna toshe jijiya. Kuma sai ya gado daga uwa da uba duka kafin ciwon ya fito.

Innalillahi! Mijina da ke ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai? Ni da ko zazzaɓi ban cika yi ba?

Gwaggo ta zuge hannun riga. "Ɗebi nawa, yaro, ka ga jinin gidanmu."

Da amsa ta fito, tana ɗauke da gadon ciwon. Da aka auna mu, haka ɗanta, haka ni. Gwaggo ta dube ni da muryar da ban san ta da ita ba ta ce, "'Yar nan, ni fa na haɗa auren nan."

Na yi zaton zan ji sanyi a raina. Kuka na fashe da shi, don tausayinta ne ya kama ni.

Ɗana yana raye, da magani da yawan shan ruwa, wasu watannin lafiya, wasu a gadon asibiti. Abin da na koya shi ne, wannan gadon ba laifin dangin kowa ba ne, kuma ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya zo neman aure gidana, ko ɗan cikin wa ne, sai an auna jini kafin a raba goro.