Ranar da Inna Mariyamu ta kira sunan ɗan farinta

Har yanzu akwai masu cewa Inna Mariyamu mace ce marar kunya, kuma duk sanda na ji haka raina ɓaci yake yi. Ƙanwar mahaifiyata ce, na san ta, su kuwa labari kawai suka ji. To ga yadda aka yi.

Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Illo, tana cikin 'yan tsirarun Kiristan garin, waɗanda majami'arsu rumfar kara ce. Ɗan farinta Bunyaminu kafinta ne. Kamar kowace uwa ta lokacin, ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yaba masa. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Kakarsa ce ta rene shi, tana rasuwa kuwa ya ga ba shi da kowa.

A daminar shekarar samun 'yancin kai, Bunyaminu ya gaya wa Ango mai bishara cewa zai ƙetare iyaka zuwa Dahome, kuma ba zai dawo ba, tunda matar da ta haife shi ko kallonsa ba ta yi. Ango bai ɓoye ba. Ya sami Inna tana jera kifi a faifai, ya faɗa mata kai tsaye cewa ɗanta yana ganin ba ta ƙaunarsa. Ta ce ai kunya ce, kowa ya san haka. Ya ce to shi yaron bai sani ba, kuma Ubangiji da kansa da suna yake kiran mutanensa, ita wace ce da za ta fi shi kunya?

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ranar kasuwa da hantsi aka ce mata Bunyaminu ya ɗora akwatin kayan aikinsa a motar masu goro. Ta bar wa maƙwabciyarta Hamsatu kifin, ta ratsa tsakiyar kasuwa gyalenta na jan ƙasa. Da ta isa, bakinta ya ƙi. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa furta sunan ba. Sai da direba ya tayar da mota sannan sunan ya fito daga bakinta.

"Bunyaminu! Sauko, ɗana. Ni na haihe ka, kuma ina son ka tun ran da aka aza min kai ga hannu."

Masu awon gero suka tsaya da mudu a hannu. Ta ce masa man shanun da yake tararwa a tuwonsa ba kakarsa ke sa shi ba, ita ce, kuma ta yi kuskure da ta bar shi yana zato, ya gafarta mata. Sannan, da yake bakin ya riga ya buɗe, ta ƙara da cewa bencin da ya yi wa majami'a ƙafa ɗaya ta gaza, wata uku ke nan tana zama a karkace ba ta da halin faɗa masa.

Bunyaminu ya yi dariya har da hawaye, ya sauke akwatinsa. Da Inna ta koma wurin kifinta, Hamsatu ta ce, "Mariyamu, kunyar taki tare da kihin kika saida ta?" Inna ta ce kyauta ta bayar, in tana so ta ɗauka.

Wannan shi ne rashin kunyar da ake faɗa! Bai tafi Dahome ba. Ranar bikin 'yanci shi ya kafa rumfar 'yan makaranta, ita kuwa tana ta ƙwala masa kira, ya sha ruwa, ya zo ya gaida wance, har ya roƙe ta ta rage. Ba ta rage ba har ta rasu. Bencin kuma a makon da abin ya faru ya gyara shi, ta zauna ta jijjiga, ta ce yanzu ya yi.