Rigar Direba a Hannun Mai Wanki

A ƙarshen layin, daidai inda kwata take lanƙwasawa ta bi bayan makarantar firamare, akwai wani shagon wanki da guga mai ƙofa ɗaya. Mai shagon dattijo ne siriri, yatsunsa sun yi fari sun tattare saboda shekara arba'in a cikin ruwan sabulu. 'Yan unguwa Sarkin Kumfa suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa yake yi har da ɗaga dutsen guga. Bawan Allah nan ba ya iya ganin datti ya kau da kai. Ko baƙo ne ya zauna a bencinsa, baki na gaisuwa, ido na kan wuyan rigar baƙon. Matarsa takan ce ita dai tana kaffa-kaffa, kada wata rana ta yi gyangyaɗi kusa da baho ta farka a kan igiyar shanya.

To amma in ka ji ana wane, wane, ba banza ba. Ba wanki ne ya fito da sunansa ba. Duk lokacin da makarantu suka yi dogon hutu, gidaje suka ɗaure kaya za su tafi ganin dangi, tsakar gidan da ke bayan shagonsa cika yake yi da dabbobin mutane. Ga aku a keji an rataye a inuwa, ga zomaye a kwali, ga kunkurun ɗan wani ma'aikacin banki yana lallaɓawa ƙarƙashin tulin zannuwan gado. Abin ya samo asali ne tun yana sabon aure. Wani maƙwabcinsa ya yi tafiyar kwana huɗu, ya ɗaure ɗan kwikwiyo a gindin bango ya ajiye masa ruwa a kwano. Kwikwiyo ya ture kwanon tun ranar farko, inuwa kuma ta tashi ta bar shi. Sarkin Kumfa ne ya haura katanga ya same shi, aikin gama ya riga ya gama. Tun daga ranar, da ya ga ana loda akwati a mota sai ya ajiye guga ya fito yana tambaya, “Wa kuka bar wa mai ran?”

Kuma wallahi in ka ga yadda yake tafiyar da su sai ka riƙe baki. Kafin ya fita da kare yawo, sai ya cire takalmi ya taka kwalta da tafin ƙafarsa, in shi bai iya tsayawa ba, to kare ma ba ya fita. Ruwa a kasko yake zuba musu, don roba tana ɗumama shi, kuma kasko biyu, ko ɗaya zai kife. Ya taɓa tsare wani mai kuɗi a bakin layi, wanda ya cusa karensa a but ɗin mota zai tafi shaƙatawa bakin ruwa da iyali. Ya ce masa, “Ranka ya daɗe, shiga ka kwanta a ciki na rufe minti biyar, in ka fito kana dariya sai a sa shi.” Mutumin ya zazzaro ido, ya yi ta sababi, amma a kujerar baya karen ya tafi.

Babbar dokarsa guda ce, ita ce kuma take ba mutane dariya. Duk wanda zai bar masa dabba sai ya haɗo da rigar da ya sa a jikinsa, wadda ba a wanke ba. Mai wanki guda yana roƙon datti! Sai ya ce, “Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma dabbarsa tana ji. Kai da ido kake gane gida, ita da hanci.” Yakan shimfiɗa rigar a makwancin dabbar, sai ka ga wadda take ta kuka da yaƙushin ƙofa ta zagaya sau biyu ta kwanta. Shekara da shekaru, ko ɓera bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

A wani hutu ne Malama ta zo. Ita ce mai koyar da 'yan aji uku a makarantar nan ta kusa, mijinta kuwa direban bas ne, ya rasu wata bakwai da suka wuce. Ta shigo rungume da kwando, a ciki akwai wani jibgegen muzuru ja mai yagaggen kunne. Sunansa Kwandasta, domin tun yana ɗan ƙarami marigayin yake ɗora shi a gefen kujera, su yi ta zirga-zirga tare har yamma.

“Baba, 'yata ta matsa sai na je na yi mata sati biyu,” in ji ta. “Mijinta kuma ba ya shiri da mage. Ban san wanda zan bar wa shi ba sai kai.”

“Kawo shi, Malama. Ina rigar?”

Can ta buɗe jaka ta fito da wata shuɗiyar riga mai gajeren hannu, a naɗe cikin leda. Aljihunta yana da faci, wuyanta ya yi baƙi da gumi.

“Tawa ba za ta yi ba, ba ni ya sani ba. Wannan ce mai gidan ya cire ranar da aka kai shi asibiti. A kanta yake kwana.” Ta sunkuyar da kai. “Ni ma, Baba, ba na jin kunyar gaya maka, in abin ya taso min nakan ɗauka na shinshina. Ita kaɗai ta rage da ƙanshinsa.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ta tafi hankalinta kwance.

Kwana uku lafiya lau. Muzuru yana cin kifinsa, yana harare-hararen aku, yana komawa kan rigar ya miƙe. Sai dai lokacin hutu shi ne lokacin da aiki yake yi wa mai wanki rubdugu, kowa ya kwaso labule da barguna ya jibge masa. Rana ta huɗu da safe, Kwandasta ya janyo rigar da haƙori daga kwando zuwa inda hantsi yake sauka, kusa da tulin kayan da za a jiƙa, sannan ya tafi shan ruwa. Sarkin Kumfa ya zo yana sauraron rediyo, yana musu da mai karanta labarai kamar yadda ya saba. Ido bai gani ba, hannu ne ya gani. Hannun ya ji wuyan riga mai maiƙo, ya ɗauka, ya tsoma a baho, ya cuɗe ta tas, ya ɗauraye sau uku, ya sa bula, ya shanya. Sabo turken wawa!

Sai da yamma, ya shimfiɗa ta a kan tebur zai goge, dutsen guga ya zo kan facin aljihu. Nan ya tsaya cak. Ya kai rigar hancinsa, babu komai sai sabulu. A rayuwarsa bai taɓa jin ƙanshin tsabta ya tayar masa da zuciya ba sai ranar.

“Malam, lafiya?” matarsa ta leƙo daga ƙofar ciki.

“Tsohuwa, na wanke mutum,” ya ce. “Na wanke mata miji.”

Ya mayar da rigar kwando ko Allah zai sa a dace. Muzuru ya zo ya shinshina gaba, ya shinshina baya, ya ɗago ya dube shi. Bai yi kuka ba, bai kuma taɓa kifin ba. Dattijon ya toshe duk wata kafa da ya sani, amma da gari ya waye kwando wayam, an ture bulon da ke bakin magudanar ruwa.

Ranar, karo na farko tun da aka san shi, shagon bai buɗe ba. Ya bar wa matarsa sauran dabbobin, ya hau tsohon kekensa na kai kaya. Ya fara da gidan Malama, ƙofa a kulle, ya leƙa ta ƙasa, ya kira, ya tambayi maƙwabta, ko ƙeyarsa ba wanda ya gani. Ya bi kwatoci, ya bi bayan masu sayar da kifi, ya duba gefen titi yana addu'ar kada ya ga abin da yake tsoro. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya zauna a gindin wata bishiya yana jin kamar ya ɗora hannu a ka. Riga ta tafi, in muzurun ma ya tafi, da wane ido zai dubi matar nan?

A nan zaune ne ya yi wa kansa faɗa. “Kai ne kake gaya wa mutane da hanci take gane gida, yau kuma kake nema da ido? Ba gida ya tafi nema ba, mutum ya tafi nema.” To ina kuma mutumin ya bar warinsa? Ya miƙe zumbur.

Ya san bas ɗin marigayin tana garejin wani bakanike can bayan tashar mota, an ajiye ta ana jiran mai saye. Tafiya ce mai nisa, sai an tsallaka manyan tituna biyu da layin dogo. Ya taka keken nan iya ƙarfinsa. Ya tarar da bakaniken a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai ake gani.

“Ɗana, motar direban nan da ya rasu, tana ina?”

“Ga ta can ƙarshe, Baba. Saye za ka yi? Wata bakwai ko ƙofarta ba a buɗe ba.”

Tana tsaye a tsakiyar rana, tayoyi sun sace, gilasai a rufe ruf. Ya manna fuskarsa a gilashin direba, ya kare da hannu. Allah mai iko! Ga Kwandasta a kan kujerar direba, kwance a kan wani tsohon tawul da marigayin yake shimfiɗawa a bayansa saboda gumi. Ta wata ɓular tsatsa da ke ƙasan motar ya shiga. Dabbar da ba ta taɓa taka hanyar nan da ƙafarta ba, kullum a mota take wucewa, ita ce ta ratsa gari guda ta zo ta sami kujera ɗaya a cikin motoci sun fi hamsin. Dattijon ya kama salati.

Amma ba lokacin mamaki ba ne. Bakin muzurun a buɗe yake, harshe waje, cikinsa yana sama yana ƙasa da sauri. Motar ta zama tanda.

“Makulli! Yi sauri, don Allah!”

Bakanike ya rarumo makulli ya buɗe, wani huci ya buso musu. Ya ɗauko bokitin ruwan sanyi zai sheƙa wa muzurun, Sarkin Kumfa ya riƙe hannunsa.

“Kul! Kashe shi za ka yi. A hankali ake sauko da zafi.”

Ya ɗauke shi zuwa inuwa, ya cire hularsa ya jiƙa, yana shafa masa tafin ƙafafu da kunnuwa da ƙasan ciki, yana yi masa fifita da kwali. Ya riƙa ɗiga masa ruwa a gefen baki da ɗan yatsa. Kanikawa suka ajiye sifana suka kewaye su. An fi rabin awa a haka kafin muzurun ya mayar da harshensa, ya lashi yatsan, ya yi wani ɗan siririn kuka. Sai ga ƙattin nan masu baƙin mai har gwiwar hannu suna ta murna kamar an yi musu haihuwa.

Da zai tafi ya ce, “Ɗana, tawul ɗin nan na kan kujera, ka ba ni.”

“Wannan tsumman? Ɗauka mana. Ai kai mai wanki ne, ka san yadda za ka yi da shi.”

Dattijon ya ɗauko tawul ɗin. Ya naɗe shi, ya shimfiɗa a kwandon keke, ya ɗora muzurun a kai.

Ranar da Malama ta dawo, kai tsaye shagon ta nufo da jakarta. Matar Sarkin Kumfa ta raɗa masa ko za a bari Malama ta huta tukuna, ya ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fito da shuɗiyar rigar a goge, a ninke, ya miƙa mata.

“Malama, na ci amanarki. Ba kowa ya yi ba, ni ne da hannuna. Na wanke ta.”

Ta karɓa ta kai hancinta. Ta juya wuyan, ta juya hammatar, tana nema. Fuskarta ta canza.

“Haba Baba,” ta ce. “Haba Baba. Kai fa na ba.”

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa, kuma ya san ya cancanta. Bai kawo uzuri ba. Ya shiga ciki ya fito da kwandon, ya ajiye a gabanta, ya gaya mata inda muzurun ya je da abin da ya samo. Ta dubi tawul ɗin. Ya yi dauɗa har ba a gane launinsa na asali, duk shatin bayan mutum ne da man inji da gashin mage. Ita ce ta saya masa shi shekara goma sha biyu da suka wuce, ta kuma yi ta faɗa ya kawo a wanke yana cewa gobe.

Ta zauna a dakalin shagon, ta janyo gefensa ta tusa fuskarta a ciki. Kafaɗunta suka fara girgiza. Kwandasta bai saki nasa gefen ba, ya dafe shi da farce, ya cusa kai ƙarƙashin haɓarta, su biyu a kan tsumma ɗaya.

“Yana nan,” ta ce a cikin tawul ɗin. “Baba, wallahi yana nan.”

Sarkin Kumfa yana tsaye a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Ga datti a gabansa irin wanda bai taɓa bari ya kwana ba. Ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya gam.