Jan Akwatin Gunvor

Shekara talatin da ɗaya Gunvor Thygesen ta yi tana rubuta littattafan bayanin amfani da na'ura, waɗanda ba wanda ke karantawa sai ya shiga uku. Ta fara da na injin tatsar madara, ta koma na tukunyar ɗumama gida, kuma duk birnin Aarhus ba wanda ya kai ta tsanar bayanin da aka rubuta da ka. Tana da doka ɗaya: ba ta sakin littafi sai ta gwada shi a kan abinta. Ta taɓa kwance tukunyar gidanta ana tsakiyar sanyi don kawai ta ga ko shafi na tara ya faɗi gaskiya.

Abin alfaharinta shi ne jan akwatin gargaɗi. Duk inda akwai haɗari, sai ta zana shi da kanta, ja wur, da manyan haruffa, ta manna shi a matsayin hoto don kada shafi ya motsa ya ɓata mata tsari. Ko mai gyangyaɗi ba ya tsallake shi.

Tana da shekara sittin da biyu ta koma wani ƙaramin kamfani mai yin manhajar imel. Manhajar ba ta mutane ba ce, ta 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira ce, waɗanda ake ba wa akwatin saƙo su karanta, su amsa, su share. Su ne masu karatun Gunvor yanzu. Ba sa gajiya, ba sa tsallake layi, abin da ya yi mata daɗi ƙwarai.

Ranar wata Juma'a, bayan ma'aikata sun gama karyawa tare da burodi da cuku, ta ce za ta gwada sabon babin share saƙo. Asger, wanda ya gina manhajar, ya ɗago kai daga kofinsa.

"Ga akwatin gwaji can, Gunvor. Yi da shi."

"Wannan akwatin naka mai tsabta kamar ɗakin tiyata? Wa ka taɓa gani da irinsa? Da nawa zan yi."

"Taurin kanki dai sai ke."

"Shi ya sa har yau ba ka kore ni ba."

Akwatinta kuwa ba na wasa ba ne. Mijinta Preben injiniyan jirgin ruwa ne, kuma shekara tara yana aiko mata da saƙo duk Lahadi daga teku. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Saƙonni ɗari huɗu da sha biyu ya bari, tana karanta ɗaya kowace Lahadi da kofi, bi da bi. Makon da ya wuce ta tsaya a inda ya ce, "Mako mai zuwa zan ba ki labarin abin da kukunmu ya yi da agwagwa, ba za ki yarda ba."

Ba ta ji tsoron komai ba, don ta san abin da aka share kwandon shara yake tafiya, ya yi kwana talatin a can. Ta miƙa wa ɗan aiken akwatinta da sabon babin, ta ce ya cire duk saƙon da ya haura shekara biyu. Kafin ta kurɓi kofi sau biyu ya ce ya gama. Ta buɗe kwandon don ta dawo da kayanta. Wayam.

Ta rufe, ta sake buɗewa. Har yanzu wayam.

"Asger. Zo."

Yadda ta kira shi ya sa bai tsaya tambaya ba. Ya duba, ya sake dubawa, fuskarsa ta canza.

"Umarni na biyu ya bi. Mai shafewa gaba ɗaya."

"Ba zai yiwu ba! Na sa gargaɗi. Ga shi nan, ja, kamar jini!"

Ta tambayi ɗan aiken dalili. Ya amsa cikin ladabin nan nasa mai ƙona rai: bayanin ya ce umarni biyu ne ke cire saƙo, na biyu ya fi sauri idan saƙonnin suna da yawa, kuma bai ga inda aka ce ba ya dawowa ba. Asger ya buɗe mata babin yadda yake isa ga ɗan aiken, rubutu zalla. A wurin jan akwatin babu komai sai sunan hoton da lamba bakwai.

Gunvor ta zuba wa wurin ido, bakinta a buɗe. Shekara talatin da ɗaya tana taƙama da akwatin nan, ashe sabon mai karatunta bai taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya.

"Akwai kwafi a wani wuri?" in ji ta.

"Ba ma ajiye saƙon kowa. Ke kika rubuta shafin da ya yi wannan alkawarin." Ya juyo ya dube ta. "Gunvor, tafi gida. Don Allah."

"Kamfani nawa za a tura wa babin nan?"

"Ɗari uku da wani abu. Ranar Litinin."

Ta jawo kujera. Ta bi littafin tun daga shafin farko, ta cire jan akwati goma sha tara, ta rubuta kowane gargaɗi da baƙaƙen haruffa a cikin layi, gaban umarnin da ya shafa. Da ta zo na bakwai ta rubuta: "Wannan umarni yana shafe saƙo har abada. Ba wanda zai iya dawo da shi. Tambayi mai akwatin tukuna." Sai da ta sa aya sannan kuka ya ƙwace mata, a gaban kowa, ita da ko a jana'izar Preben ba a ga hawayenta ba.

Ranar Lahadi ta haɗa kofi, ta zauna a inda ta saba. Ta san ta taɓa karanta labarin agwagwar, ta san har dariya ta yi. Ta yi ta lalube a ranta har kofin ya huce, amma ta kasa tuna abin da kukun ya yi.