Ragowar Shayin Maigida

Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda mai danshi, wanda mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ya goge jikinsa ko bai goge ba. Ba a daɗe da yin ƙaramar salla ba. Abin da na fi tuna shekarar da shi, shi ne shiru. A cikinta ne aka ɗauke filin jirgi daga cikin gari aka mai da shi can arewa. Da can mu mutanen unguwar Karantina sai mu katse zance a tsakiya har jirgi ya wuce, sannan mu ɗora daga inda muka tsaya. Da aka ɗauke filin kowa ya ce alhamdu lillahi, kunne ya huta. Mutum ɗaya ne bai ce ba, surukina mahaifin maigida, wanda muke kira Baba.

Baba mutumin Damagaram ne. Yana magidanci, da ɗan gemunsa, Faransawa suka ɗauke shi soja a babban yaƙin Turawa, suka kai shi ƙasar Chadi, aka haɗa shi da wata rundunar sojojin sama masu jiragen sakin bom. Aikinsa dafa musu gahawa da wanke kwanuka, in kuma za a tashi a taru a mirgina gangunan mai. Ya sha shiga jirgi da tsintsiya, amma jirgi bai taɓa ɗagawa da shi a ciki ba. Ko zuwansa Makka bayan yaƙi, da ƙafa da bayan mota ya yi ta Sudan, shi da Inna matarsa, aka ƙarasa da jirgin ruwa. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Sai dai in labari ya yi daɗi, bakinsa ba ya iya cewa "su".

"Ranar da muka tashi za mu kai wa Italiyawa hari a cikin hamada..."

"Ku wa?" in ji Inna. "Kai da butar?"

"Ke dai ba ki san soja ba. Wanda bai sha gahawa ba ba ya tuƙa abiyo." Haka yake kiran jirgin sama, da bakin Faransa.

"To, Kumandan, Allah ya ba ka haƙuri. Ci gaba da tashi."

Ni surukuwa ce, ba ni da bakin dariya a gabansa, sai in sunkuyar da kai ina tsince shinkafa. Amma ina son labarin Turawan nan. Ya ce yara ne, wasu gemu bai ma tsiro musu ba, rana ta gasa su sun yi jawur kamar gauta. Abokan gaba sun ci ƙasarsu, sun gudo suna yaƙi daga nesa, iyayensu ba su san ko suna raye ba. Uku-uku suke shiga jirgi: mai tuƙi, mai duba hanya, da mai bindiga a baya. Jiragen tsofaffi ne, yashi na shiga inji. Akwai mai ɗan biri da ke kwana cikin hularsa. Akwai wanda ba ya hawa sai ya shafa hancin jirgin ya yi masa magana a kunne, kamar mai lallashin jaki.

A wannan zafin ne labari ya zo cewa ƙanin Baba ya rasu a Damagaram. Dole wani ya je gaisuwa. Baba ƙafa ta yi nauyi, takardunsa ma sai a hankali. Maigida kuwa yana da iƙama, wato takardar zama, yana tuƙa motar kaya a wani sito a unguwar Khumra, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya yarda ya yi masa takardar fita da dawowa. Zai hau jirgi zuwa Kano, daga nan ya bi mota. Shi ne hawansa na farko.

Maigida ɗan farin Baba ne, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, sai "yaron nan" ko "wancan". In ba shi da lafiya ba ya tambaya, sai dai ka gan shi yana ta zirga-zirga a bakin ƙofa wai yana neman takalminsa.

Ran tafiya da safe na dafa shayi da na'ana'a. Maigida ya sha rabi, sai mai motar da zai kai shi fili ya hau danna oda yana "Yalla! Yalla!" Ya ajiye kofin a kan taga ya durƙusa gaban iyayensa. Inna ta yi ta addu'a tana share ido. Baba ya ce "To," yana kallon bango. Suna fita na miƙa hannu zan ɗauke kofin.

"'Yar nan, bar shi."

"Wankewa zan yi, Baba."

"Ba a wankewa. Sai ya dawo."

Nan ya yi mini bayani. Turawansa in za su tashi, kowa sai ya sha rabin gahawarsa ya bar rabi a kan tebur. Ba mai taɓawa, ba mai gusar da kofi daga inda mai shi ya ajiye. Sai jirage sun sauka, kowa ya zo ya ɗauki nasa ya ƙarasa, a sanyaye, har da ƙudan da ya faɗa. Inna ta ce wannan ai camfin Nasara ne, a ƙasa mai tsarki kuma. Baba ya ce shi bai ce kofi na tsare rai ba, Allah ne mai tsarewa, amma doka doka ce. Na ce to. A raina na ce kwana biyu zai manta.

Bai manta ba. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya bi ta taga ya leƙa. Shayi ya yi yana, yana ta yi furfura. Na nemi in kife masa faranti, ya ce su ba sa rufewa. Da kiyashi suka gano hanya na je na durƙusa na ce, "Baba, ko in sa shi cikin tasa da ɗan ruwa, ba zan gusar da shi ba?" Ya yi dogon tunani, ya ce wannan ba ta saɓa doka ba. Inna ta zo ta tsaya ta kama ƙugu tana kallo.

"Ma sha Allah. An ba shi teku nasa na kansa. Saura a ɗaukar masa mai gadi."

Abin da ya fi damuna baƙi. Tagar nan tana daidai inda mata ke zama. Wata maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan mai tsabtar tsiya, ta shigo ta kalli kofin, ta kalle ni. Washegari ta aiko mini da garin sabulu. Na karɓa na yi godiya. Me zan ce? In ce mata Faransawa ne suka hana?

Bayan kwanaki wani da ya zo umra ya kawo saƙon baka cewa maigida ya sauka Kano lafiya, har ya wuce. Na yi murna biyu. Da na kai wa Baba abinci na ce, "Baba, tunda ya sauka, ko in wanke?"

"Ya sauka ina? Kano ai wurin aiki ne. Sai ya juyo ya sauka inda ya tashi."

"Me zai sakar wa Kanawan?" in ji Inna. "Dabino da zamzam?"

Na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, su Turawan nan in sun tashi, kwana nawa suke yi?"

"Kwana? Wane kwana? Da safe su tashi, kafin la'asar sun dawo."

Sai Inna ta fashe da dariya, har tari ya sarƙe ta na kawo mata ruwa. "Wayyo cikina! Dokar wuni ɗaya ka ɗora wa tafiyar wata guda? Kumandan, ka ji tsoron Allah!" Baba ya gyara hularsa ya ce ai ba laifinsa ba ne in jiragen yanzu ba su da sauri. Ni kaina ranar sai da na shige madafa na toshe baki da gefen zane.

Watan ya cika bai dawo ba. Can gida damina ce, aka ce ruwa ya ɓata hanya. Takardar dawowa kuwa tana da wa'adi, in ya wuce shi ke nan, sai a fara sabon nema. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Baba ya fara rage cin abinci. Tuwon da yake tashi da shi sai ya gutsuri gefe ya ture. Da la'asar ya lallaba ya hau soro ya zauna yana fuskantar arewa, inda ba a ganin komai sai rufin mutane da hazo. Da can daga nan yake ganin saukar jirage, yanzu ko ƙararsu sai iska ta ga dama.

Wata la'asar na bi shi da kunu. Bai karɓa ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Mu na ƙasa aikinmu ƙirga. In sun tashi mu ƙirga, in suna dawowa mu ƙirga. Wata rana lissafi ba ya cika. Hamada ba ta da alama, mutum sai ya ɓata, mai ya ƙare. Sai ka ga kofi uku a tebur ba mai ɗauka. A bar su a kwana, a sake kwana. Daga nan babbansu ya zo ya tsaya a bakin tanti ya ce mini, wanke." Ya ci gaba da kallon arewa. "Ni nake wankewa. Na mai birin ma ni na wanke. Birin ya bi ni har bakin randa."

Can ya ƙara da cewa, "Ba don kowa na faɗa ba. Labari ne kawai."

Na ce, "Na sani, Baba."

Daga ranar ban sake tambaya ba. Har ma da Inna ta kira ni gefe ta ce mu zubar da abin nan mu zuba sabo rabi, tsoho ba zai gane ba, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a bar shi." Ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, ke ma an ɗauke ki sojan? Yaushe za a ba ki hula?"

Amma ba ta taɓa shi ba. Na ma taɓa kama ta tana ƙara wa tasar ruwa, ta ce wai hannunta take ɗaurayewa.

Ana saura kaɗan wa'adi ya cika, da rana tsaka, muka ji mota a ƙofa. Sai ga maigida ya rame ya yi baƙi, da kwalin kilishi da daddawa. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, yaranmu suka hau tsalle suna Larabci. Baba bai tashi daga tabarma ba. Ya ce, "Ka dawo?" kamar wanda ya aika kanti. Ya tambayi iyalin mamaci, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ya ce:

"'Yar nan, kawo masa kofinsa."

Na ɗauko da tasar gaba ɗaya. Shayin ya riga ya ƙafe, ya zama wani baƙin danƙo mai gashi-gashi. Maigida ya leƙa ya ja da baya.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? Haka kika zauna da shi?"

"Ba ruwanta," in ji Baba. "Naka ne. Ƙarasa."

"In ƙarasa me? Baba, jirgi ya bar ni da raina, sai a gida za a gama da ni?"

"Kumandan, fara ɗanɗana masa mana," in ji Inna. "Ai babba ke shiga gaba."

Na ga abin zai yi tsawo, ga mutum da gajiya. Na ce, "Baba, ko ya ɗaga ya kai baki kawai?" Baba ya shafa gemu. Ya ce akwai wani mai bindiga da haka yake yi, shi ma ba a taɓa cewa ya karya doka ba. Maigida ya dube ni, na yi masa ido. Ya toshe hanci da hannu ɗaya, ya ɗaga kofin ya taɓa leɓe, ya dire.

"Halas, an gama," in ji Baba.

Na miƙa hannu zan karɓa ya riga ni. Ya ce a ba shi sabulu da soso. Na ce haba Baba, ina tsaye? Ya ce wannan aikinsa ne tun ba a haife ni ba. Ya tsuguna a bakin magudana yana kankarewa, ya daɗe ƙwarai a kan kofi ɗaya. Na juya baya na kama kwance kayan tsaraba, na ja yara suka taya ni. Da magariba ya cinye tuwonsa tas, ya turo kwano ya ce ko akwai saura a tukunya. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuma ta fasa, ta tashi da kanta ta ƙaro masa.

Washegari da safe maigida zai je Khumra ya nuna wa kafilinsa fuska. Na dama wa Baba kunu a babban kwano. Shi kuma maigida na zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, kurɓi biyu. Ya ce ko sukari ne ya yi tsada bayan tafiyarsa, a ƙara mana. Na ce in ya dawo. Na tsaya har ya shanye, na karɓa na wanke, sannan na fitar da katifu rana.