Ranar da Na Ɗauki Kare a Kan Zem

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ke da garajin manyan motoci a bakin Zongo, muna da wani kare mai gadi. Can garajin yake kwana, direbobi ke ciyar da shi da duk abin da suka rage: shinkafa da miyar barkono, ƙashin tsire, har soyayyar doya. Sai cikinsa ya lalace. Yau gudawa, gobe amai, jibi ya miƙe garau, kafin a ankara abin ya dawo. Haƙarƙarinsa duk suka fito.

Mahaifina ya kira ni ya ce in kai shi wurin likitan dabbobi a Kalavi. Na ce, "Baba, ni zan ɗauki kare a cikin unguwa?" Ya ce, "Yana da lafiya ya tsare mana dukiya. Yanzu sai mu zuba masa ido?"

Na saka shi a kwali, na tari zem, wato babur ɗin haya, bayan azahar, don a lissafina mutane sun shige gida. Muna isa daidai shagon mahaifin yarinyar da nake nema, cunkoso ya tsayar da mu. A nan karen ya saki cikinsa. Kwalin ya jiƙe, abin ya bi wandona har takalmi. Mai zem ya sauke mu yana ta faɗa.

Dattijon yana zaune a ƙofar shago da abokansa. Babu wurin ɓuya. Haka na durƙusa na gaishe su, kare a rungume, wari ya cika wurin. Ya dube ni ya dubi karen ya ce, "Sannu ɗana. Mara lafiya ne?" Na ce eh. Da hannunsa ya miƙo mini buta da sabulu, abokansa suna ta kallon wani gefe don su rage mini nauyi, abin da ya ƙara mini kunya ke nan.

Likitan ya ce hanjinsa ne ba ya jure komai, kuma ba ciwon da ake kashewa da allura ɗaya ba ne, lallaɓa shi ake yi. Dafaffiyar shinkafa da kifi, ba mai ba barkono, kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada a riƙa canza masa abinci, a kuma matsar da shi daga hayaniyar injuna. Mahaifiyata ta ce, "Ka dafa, amma ba a tukunyata ba." Na sayi tawa, ina girki a bayan gida, samarin unguwa suka sa mini suna kukun kare.

Karen ya murmure, ya yi ƙiba. Idan wani direba ya jefa masa tsire a ɓoye, washegari za mu gani a ƙasa. Ya daɗe tare da mu kafin tsufa ya ɗauke shi.

Ban yi nadamar jinyarsa ba, amma har yau idan na bi ta gaban shagon nan sai in ji kunya ta rufe ni. Abin da na riƙa lallashin kaina da shi shi ne, aƙalla yarinyar ba ta gani ba. Sai bayan aurenmu da daɗewa, ina ba yaranmu labarin, ta ce, "Ai ina cikin shagon ranar, bayan buhunan shinkafa." Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Na san halinka. Da ka sani, da ba ka sake zuwa zance ba."