Majigin Malam Gwadabe

Malam Gwadabe ya tsufa yana koyar da lissafi a wata firamare a Fassi, kuma alli ne ya cinye masa maƙogwaro. Lokacin da aka turo ni koyarwa makarantar, muryarsa ta riga ta dishe, 'yan layin baya sai dai su kalli bakinsa. Likita a Rano ya ce ya rage magana ko ya bar aji. Shi kuwa in ka raba shi da aji, ka gama da shi.

Sai wata ƙungiya ta kawo mana majigi da sola da faifan darussa. Yawancin malamai suka taɓe baki. Malama Ramlatu ta ce, "Wasa ne kawai, yaro ba ya koyon rabawa da kallo." Tsohon nan ne ya rungume shi hannu biyu. Majigi na bayani da Hausa, lemo na rabuwa gida huɗu a jikin bango, shi nasa nuni da tsumagiya kawai. Ban taɓa ganinsa cikin fara'a haka ba.

Sai dai hoton ba ya fita sai da duhu, tagoginmu kuma ba marufi. Ya kwaso buhunan taki daga gida ya toshe su, ya ja ƙofa.

Shekarun ne da kowa ke kaffa-kaffa da gidajen kallo. Yara suka koma gida da murna, wai Malam ya rufe ƙofa ya nuna musu fim. Ko uba ɗaya bai zo ya leƙa ya ga lemon ba, abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Sai ga dattawa a ofishin hedimasta. Aka kira Malam, ni ma na bi shi.

"Allah gafarta Malam, maza da mata cikin duhu?" in ji Alhaji Bappa, shugaban iyaye. "Ba da 'ya'yanmu ba."

Malam ya miƙe zai yi bayani, murya ta ƙi fita, sai tari. Suka ɗauka kunya ce ta kama shi. Na sa baki, aka ce manya na magana. Hedimasta, da ba ya son tashin hankali, ya kulle majigin a sito.

Malam ya koma kan alli yana ta ƙoƙarin ɗaga murya. Kafin damina ta sauka aka sallame shi daga aiki. Yanzu yana zama a ƙofar gidansa. In 'yan makaranta suka wuce suka gaishe shi, da hannu yake amsawa.