Sharifin Garwashi

Malam Jibirin haifaffen Lakwaya ne, amma a Gwarzo ya yi rayuwarsa. Malamin gona ne wanda ko ƙwayar masara bai taɓa shukawa da hannunsa ba. Aikinsa ya hau babur, ya tsaya a bakin gona, ya yi nuni da ɗan yatsa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka fara sallama. Aka karɓe babur, aka bar shi da ɗan yatsan.

Shekaru ya kwashe a kan tabarma a ƙofar gida yana gyara duniya da baki, har aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Kowa ya yi murna, shi ma ya yi, sai dai nasa tunanin daban. Ya ga wanda jiya ake kira da sunan yanka yau ya zama Ustazu, shi kuwa har yanzu tsohon malamin gona. Abin ya tsaya masa a rai. Ba shi da karatun hawa mumbari, ba shi da ƙarfin gina masallaci. Abin da ya rage masa sai asali, don shi kaɗai ne kayan da ba a tambayar rasit.

Hujjarsa dogon hanci, da wata magana da ya ji a bakin kakansa yana yaro: "Mu gidanmu wuta ba ta cin mu." To, wa bai san Sharifai ake faɗa wa haka ba? Jibirin ya haɗa hanci da maganar kaka, ya kwana malamin gona ya tashi Sharifi. Ranar kasuwa ya sayi koren rawani.

Abu ɗaya ya ɓata masa lissafi, shi ne ɗansa Hambali. Hambali ya gama difloma, ya bi ofisoshi har takalminsa ya cinye, da ya gaji sai ya koyi walda a bakin tasha. Hannunsa ya karɓi aikin, har daga ƙauyuka ake kawo masa garma da amalanke.

"Jinin Sharifai a bakin titi da baƙin tabarau, yana haɗa ƙyauren banɗaki?" in ji Jibirin. "Ko ka bar walda, ko ka bar mini gida."

Matarsa Hajaratu ta ce, "Malam, da waldar nan fa muke cin tuwo."

"Tuwon ƙasƙanci," in ji shi, yana suɗe yatsa.

Hambali ba mai musu da uba ba ne. Ya durƙusa ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya kwashe kayan aikinsa ya koma Kabo. Hajaratu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Buhun gero bai fasa zuwa daga Kabo ba, Jibirin kuma bai taɓa tambayar daga ina ba.

Daga nan ya shiga binciken asali gadan-gadan. Abin da ya sani, kakansa Ya'u baƙo ne a Lakwaya, fataucin gyaɗa ya yi, kuma bai taɓa zancen garinsu ba. Jibirin ya ɗauki goro ya nufi dattawan Unguwar Tudu. Wani ya ce Ya'u fari ne dogo, wani ya ce baƙi ne gajere. Jibirin ya ɗauki farin ya bar baƙin. Daga ƙarshe aka ce ya tafi Dugabau, akwai wata tsohuwa Uwaliya, 'yar ƙanin Ya'u, ita kaɗai ta rage.

Ya same ta a wani tsohon zaure, idonta ya kusa tafiya. Bangon zauren baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Jibirin ya ce a ransa, wutar karatun dare ce, lallai malamai aka yi a nan. Ya ga wani dunƙulen ƙarfe a kafe a ƙasa, ya tattara riga ya zauna a kai. Suka gaisa, ta tambayi gida da iyali da gajiya, ya tambayi ƙarfin jiki.

"Gwaggo, kujerar nan taku da tauri take."

"Ai ba kujera ba ce, ɗan nan, wannan ita ce..."

"Ba komai. Gwaggo, da gaske ne wuta ba ta cin kakanninmu?"

"Ƙwarai kuwa. Da idona na ga ubana ya ɗauki jan ƙarfe ya shafa a harshe ranar wasa, mata na ta guɗa."

"Allahu Akbar!"

"Shi ya sa duk ƙasar nan in ana zancen..."

Ina! Jibirin ya riga ya miƙe, ya danƙa mata goro, yana neman takalmi. Rabin da ya zo nema ya samu, sauran rabin ba shi da buƙata.

Ya dawo ya sa ranar walima, ya yanka ragon da Hajaratu ta yi shekara tana kiwo. Ya gayyaci liman da mai unguwa da duk wanda ya taɓa kiransa tsohon malamin gona. Ya aika mota ta ɗauko Gwaggo Uwaliya don ta zama shaida. Hambali kaɗai ba a gaya wa ba.

Bayan azahar aka ci aka sha, Jibirin ya miƙe da koren rawani ya jero kakanni tun daga Gabas har Lakwaya, inda ya ga giɓi ya cike da Abdullahi. Sai ga Ja'afaru mai shayi, abokin tsokanarsa tun suna yara, ya fito daga wajen girki da garwashi jajir a kan murfin tukunya.

"Allah ya ja zamanin Sharifi! A nuna mana, mu ma mu sami albarka."

Liman ya ce, "Malam Jibirin, bari. Ba a gwada asali da wuta."

Da ya ji maganar liman da ya tsira. Amma abin tausayin, mutumin ya daɗe yana faɗa wa kansa labarin har ya yarda da shi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya damƙi garwashi. Ihun da ya yi har bakin tasha an ji. Rawani ya warware, ya taka shi, ya ruga ya tsoma hannu a ƙwaryar kunun baƙi.

Gwaggo Uwaliya ta tambayi me ya faru. Da aka gaya mata, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Sharifai kuma? Wa ya gaya maka? Maƙera ne mu tun kaka da kakanni! A kan uwar maƙerar gidanmu ka zauna ran nan kana cewa da tauri. Ya'u raggo ne, zugazugi ya gudar wa ya koma gyaɗa. Wuta ba ta san hanci ba, ɗan nan, hannun da ya saba da ita take raga wa."

Ja'afaru kuwa na kwance a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya.

Tsohuwa ta share hawayen dariya ta ce, "To, duk zuriyar Ya'u babu wanda ya koma wa ƙarfe? Ina neman wanda zan bar wa kayan gado kafin in mutu."

Daga bayan ƙyaure Hajaratu ta amsa: "Akwai, Gwaggo. Ya kore shi."

Tun daga ranar sunan ya bi shi, Sharifin Garwashi, har yara na tambayarsa ko zai ɗebo musu wuta. Ya yi kwanaki bai leƙa waje ba. Da hannun ya fara warkewa, ya sa tsohuwar hularsa ya hau mota zuwa Kabo, yana ta shirya maganar da zai yi a hanya.

Ya tarar da shagon cike da aiki. Ga uwar maƙerar Dugabau a tsakiya, Gwaggo ta bar masa, an wanke ta, an kafa ta a kan kututture. Hambali ya ɗaga baƙin tabarau, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya tambayi Inna. Ya dubi naɗaɗɗen hannun. Jibirin ya buɗe baki zai ce masa ya dawo gida, maganar ta ƙi fita. Hambali ya jira, ya jira, sannan ya mayar da tabarau ya ɗauki ƙarfe.

"Baba, ɗan matsa baya kaɗan," in ji shi a hankali, "kada tartsatsi ya same ka."